Babi na Shida: Zinariyar Siberiya da Yumɓun Zamfara

A farkon ƙarni na 18 akwai wata sana'a a kudancin Siberiya wadda jarinta bai wuce shebur da ƙarfin hali ba. Da hunturu ya fara sauƙi, sai mazajen ƙauyuka su haɗa gayya, wani lokaci mutum 200 ko 300, su nausa daji neman tuddai. Tuddan nan hannun mutum ne ya tara su. Kaburbura ne na wasu makiyaya mahaya dawaki da suka yi zamani a wannan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa shekara fiye da 2,000 da suka wuce, waɗanda kan binne manyansu da ado na zinariya: kawunan ɗamara masu siffar namun daji suna kokawa, da mundaye, da abin wuya. Masu haƙa su fasa tudu, su kwashe zinariyar, su watsar da ƙasusuwa da tukwane, su koma gida su narkar da abin da suka samu su raba a ma'auni. Aikin da wani maƙeri ya ɓata watanni yana yi, a dare ɗaya sai ya koma curi.

A 1715 wani attajiri mai masana'antun ƙarfe, Nikita Demidov, ya kai wa matar Sarkin Rasha wasu daga cikin waɗannan kaya a matsayin barka da haihuwa. Sarkin, Bitrus na Ɗaya, mutum ne mai son ganin ƙwaƙwaf. Shekara guda kafin nan ya kafa Kunstkamera, gidan tarihi na farko a ƙasar, a sabon birninsa na Sant Fitasbag. Da ya ga kayan sai ya umarci gwamnan Siberiya, Matvei Gagarin, ya riƙa sayen irinsu yana aiko masa kafin su shiga wuta. A 1718 kuma ya fitar da doka cewa duk wanda ya tsinci tsohon abu a ƙasa ko a ruwa, ƙashi ne, dutse mai rubutu ne, makami ne, ko ƙwarya da tukunya, ya kawo wa hukuma a biya shi. Abin da aka ceto ta wannan hanya, zinariya sama da guda 200, yana nan yau a Hermitage, babban gidan tarihin Rasha, a ɗakin da ba a shiga sai da rakiya.

Sarki ya ceci zinariyar, amma bai ceci labarinta ba. Babu wanda ya rubuta tudun da aka ciro kowane abu, ko abin da ke kusa da shi a cikin kabarin, ko namiji ne ke kwance a wurin ko mace. Shekara 300 ke nan masanan Rasha suna jayayya a kan daga wane yanki kayan suka fito da kuma wace al'umma ta ƙera su. Mai kallo zai tsaya gaban gilashi ya yi mamakin hannun maƙerin, ya wuce bai ƙaru da komai game da mutanen ba.

Wannan labarin ya maimaita kansa a ƙasarmu, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka gani da idonsu suna raye. A tsakiyar shekarun 1990 dillalai suka dira a Kwatarkwashi, gabas da Gusau, da wasu wurare na arewa maso yammacin Nijeriya, suna neman mutum-mutumin yumɓu da ke binne a ƙasa. Samari suka ɗauki diga da shebur suka hau tona gindin duwatsu da gonaki. Wanda ya fito lafiyayye a naɗe shi a tsumma a saka a buhu, wanda ya fashe a harhaɗa shi ko a yar. Daga nan kayan su bi ta Kwatano da Lome, su sauka a shagunan dillalan Turai a Burasal da Faris. Mai haƙa ya karɓi abin cefanen 'yan kwanaki, mai shagon can ya sayar da kuɗin da zai sayi gona sukutum. Wani masanin binciken kayan tarihi ɗan Ingila, Patrick Darling, wanda ya daɗe yana aiki a Nijeriya, ya wallafa rahoto a kan ɓarnar da aka yi a Nok ta kudancin Kaduna da Kwatarkwashi a shekara ta 2000. A shekarar ce kuma Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya, ICOM, ta saka waɗannan kaya a jerin kayan Afirka da ta gargaɗi kowa kada ya saya.

A kasuwar Turai sunaye biyu aka laƙaba musu. Masu kaurin gira da ta rufo ido, da gemu, da fuska a murtuke, aka ce da su "Sakkwato". Masu zama a kan wata tukunya mai kama da tulu aka ce da su "Katsina". Gwajin da ake yi wa gasasshen yumɓu ya nuna da yawansu sun kai shekara 2,000 ko kusa da haka. To, mai karatu ya tuna cewa har ranar 1 ga Oktoba, 1996, Zamfara duk cikin Jihar Sakkwato take. Saboda haka idan ka ga an rubuta "Sakkwato" a ƙarƙashin wani mutum-mutumi a Turai ko Amurka, wannan suna ya haɗa ƙasa tun daga Yawuri ta da har bakin iyakar Katsina, kuma babu mai iya nuna maka garin.

Uku daga cikin irin waɗannan kaya, biyu na Nok ɗaya na Sakkwato, gwamnatin Faransa ta saya a hannun wani dillali a Beljiyam domin sabon gidan tarihin da Shugaba Jacques Chirac yake ginawa. A watan Afrilu na 2000 aka buɗe sashen kayan Afirka da na wasu nahiyoyi a gidan tarihin Louvre na Faris, aka ga na Nok ɗin a ciki, duniya ta yi ca, domin dokar Nijeriya ta hana fitar da irinsu tun 1953, an kuma ƙara ƙarfafa ta a 1979 lokacin da aka kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa. Yadda aka ƙare a 2002 shi ne Faransa ta amince kayan na Nijeriya ne, Nijeriya kuma ta bar mata su aro na shekara 25, wanda ana iya sabuntawa. A ganina wannan sulhu ya fi yi wa mai saye daɗi fiye da mai kaya. Amma ko da an dawo da su gobe, abin da shebur ya watsar a ranar haƙa ba zai dawo ba.

Don a gane girman wannan asara, sai mu sake komawa Siberiya. A tsaunukan Altai akwai wani kwari da ake kira Pazyryk, mai irin waɗancan tuddai. Tun zamanin da ɓarayi suka fasa su suka kwashe zinariya, ruwa ya bi ramin da suka bari ya daskare, ƙanƙara ta riƙe duk abin da suka raina. Tsakanin 1947 da 1949 wani masanin Rasha, Sergei Rudenko, ya haƙa wurin a tsanake, yana aunawa yana rubutawa. Ya samu dawaki da sirdinansu da linzamansu, da keken doki na katako mai ƙafa huɗu, da gawar wani basarake da zane a fatar jikinsa, da alharini daga ƙasar Sin, har da cuku a cikin jakar fata. A tudu na biyar ya samu darduma mai faɗin kusan mita biyu kowane gefe, wadda ita ce mafi tsufa a irinta da ta rage a duniya, shekararta kusan 2,400. Daga abin da ɓarawo ya ƙi ɗauka aka san abincin mutanen, da yadda suke ɗaure doki, da ƙasashen da suke ciniki da su. Ɗakunan Pazyryk a Hermitage babu ƙyalƙyali kamar ɗakin zinariya, amma a nan ne mutum yake fita da ilimi.

Mun ga irin haka a kusa. Daga 2005 masana daga Jami'ar Goethe ta Frankfurt, ƙarƙashin Peter Breunig, tare da abokan aikinsu na Nijeriya, suka shafe shekaru suna haƙa a ƙasar Nok, kudancin Kaduna. Ƙonannun ƙwayoyin hatsi suka nuna cewa gero ne babban abincin mutanen. Maiƙon da ya shige jikin tsingaro ya nuna suna ɗibar zuma tun shekara 3,500 da suka wuce. An kuma ga cewa da yawan mutum-mutumin da gangan aka farfasa su aka binne. Ba wani dillali da zai iya gaya maka ko ɗaya daga cikin waɗannan. Tsohon abu wanda ba a san inda aka same shi ba kamar hadisi ne da ba isnadi: ko lafazinsa ya yi kyau, malami ba zai gina hukunci a kansa ba.

Yanzu mu dubi abin da ke ƙarƙashin ƙafafunmu a arewacin Zamfara, tsakanin gulbin Bunsuru da na Gagare. A ƙasar Zurmi akwai Dutsi, inda tarihin baka ya ce nan ne mazaunin farko na sarakunan Zamfara, kuma har yanzu ana ambaton dogayen kaburburan da ake jingina wa sarakunan farko. Can ƙasa wajen Isa akwai kufan Birnin Zamfara, wanda Sarkin Gobir Babari ya ci a tsakiyar ƙarni na 18, ya gina Alƙalawa a kan ƙasar Zamfarawa. Alƙalawar ita ma ta faɗi a 1808, kuma cikin jagororin yaƙin akwai Muhammadu Namoda na Alibawa, wanda Ƙauran Namoda take ɗauke da sunansa. Kafin jihadi Shehu Usmanu ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara. Baturen matafiyi Clapperton ya ratsa Zurmi a 1824. Wani Baturen matafiyin, Barth, ya biyo a 1853 daga Katsina zai tafi wurin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, ya bi ta Zurmi da Badarawa, ya kuma rubuta yadda ya tarar da kasuwar Badarawa cike da jama'a da auduga. A 1929 layin dogo daga Zariya ya ƙare a Ƙaura, gyaɗa da auduga da fatu suka riƙa bin sa zuwa teku. A Tubali ta ƙasar Shinkafi aka haifi Ibrahim Narambaɗa, wanda kotsonsa ya sa duk ƙasar Hausa ta san fadar Sarkin Gobir na Isa. Zurmi kuma ta ba mu mawaƙi Kassu.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya bar abin da hannu ke iya taɓawa. Akwai sulke da lifidi da kwalkwali a ɗakunan gidajen sarauta. Akwai littattafan hannu a gafaka a gidajen malamai, da wasiƙun da sarakuna suka yi wa juna da hatiminsu. Akwai ƙoshiyar masaƙa da mazarin kaɗi a kusurwar ɗakin tsofaffi, da sikelin awon gyaɗa, da kashin tama a wuraren da aka yi narkar ƙarfe, da ramukan karofi da ƙasa ke cikewa. Yaron da aka haifa a Shinkafi ko Moriki ko Kurya zai iya gama sakandare bai taɓa ganin ɗaya daga cikinsu an ajiye an yi masa bayani ba. In yana son ganin irinsu sai ya tafi Gidan Tarihin Waziri Junaidu a Sakkwato, ko na Kanta a Argungu, ko Gidan Makama a Kano. Littafin da masana suka daɗe suna dogaro da shi a kan jerin sarakunan Zamfara kuwa, Kurt Krieger, ma'aikacin gidan tarihin al'adu na Balin, shi ya wallafa shi a 1959, da Jamusanci. Su ma Rashawa ba a bar su a baya ba wajen kula da abin da yake namu: Dmitri Olderogge, wanda ya daɗe yana shugabantar sashen Afirka a Kunstkamera, shi ya jagoranci ƙamus na Hausa da Rashanci da aka buga a Mosko a 1963.

Na san abin da wani zai ce, kuma ba zan kauce masa ba. Zai ce gumaka ne, me ya haɗa Musulmi da ajiye su? Tambaya ce mai nauyi, malamai ne ke da ikon yanke hukuncinta. Abin da zan iya cewa shi ne bauta daban, shaida daban. Gidan tarihin da ke tsakiyar Alƙahira tun 1902 yake cike da kayan Fir'aunoni, a gari ɗaya da Azhar, kuma abin da mai hankali ke fita da shi daga can shi ne ganin yadda mulki ke ƙarewa. Ban da haka, cikin kayan da na lissafa a sama, mutum-mutumi kaɗan ne ƙwarai. Mafi yawa kayan malamai ne da na mayaƙan jihadi da na masu sana'a. Wanda ƙyamar gunki ta sa ya ƙi zancen gidan tarihi gaba ɗaya, wasiƙar kakansa da allon kakarsa ya bari gara ta ci. Sannan a tuna, ƙyamar nan ba ta hana haƙa a shekarun 1990 ba. Sauƙaƙa wa dillali ciniki ta yi, domin mutum ba ya tsaya ja-in-ja a kan farashin abin da yake gani ba shi da daraja.

Idan aka ambaci gidajen tarihin Rasha, hankali yakan tafi kan Hermitage, mai kaya kusan miliyan uku, wanda Sarauniya Katarina ta assasa a 1764 da zane-zanen da ta saya a Balin. Wannan ba tsararmu ba ne, kuma kwatanta kanmu da shi kashe gwiwa ne kawai. Wanda ya dace mu duba yana wani ƙaramin gari a kudancin Siberiya, Minusinsk, wanda a ƙarni na 19 tafiyar makonni ce tsakaninsa da fadar sarki, kuma can gwamnati take jefa waɗanda ta kora saboda siyasa. A 1874 wani mai haɗa magunguna, Nikolai Martyanov, ya karɓi aiki a garin. Ba basarake ba ne, ba attajiri ba ne. In ya rufe shago sai ya shiga daji yana tara ganyaye da duwatsu. Manoman da ke zuwa sayen magani suka lura da halinsa, suka fara kawo masa abin da garma ta tono: wuƙar tagulla, kan kibiya, madubin ƙarfe. Kowanne ya tambayi inda aka same shi ya rubuta. A 1877 majalisar garin ta amince a buɗe gidan tarihi, aka fara a ɗakunan wata makaranta. Malaman makaranta da 'yan kasuwa da korarrun 'yan siyasa suka sa hannu. Ɗaya daga cikin korarrun, Dmitri Klements, shi ya tsara kundin tsofaffin kayan aka buga a 1886, wanda ya sa masanan Turai suka san garin. A 1900 kayan Minusinsk suna cikin waɗanda aka baje a babban bajekolin duniya na Faris. Martyanov ya rasu a 1904, gidan yana nan har yau da sunansa.

Ƙasar da Martyanov ya yi aiki, irin ƙasar da masu fasa tuddai suka yi wa kaca-kaca ce shekara 150 kafin zuwansa. Jikokin masu narkar da zinariya su ne suka koma masu kawo wuƙar tagulla kyauta. Abin da ya canja shi ne an samu ɗaki a garinsu, da mutumin da suka sani suka yarda da shi, da littafin da ake rubuta sunan wanda ya kawo. Dokar sarki ta 1718 ba ta yi abin da wannan ɗakin ya yi ba. Irin waɗannan ƙananan gidaje na tarihin yanki yanzu sun cika garuruwan Rasha, har waɗanda ba su kai Shinkafi yawan jama'a ba.

Attajirai ma suna da abin koyi a can. Pavel Tretyakov ɗan kasuwar yadi ne a Mosko. Daga 1856 ya fara sayen ayyukan masu zane 'yan ƙasarsa, a lokacin da manyan gari ba sa ganin darajar komai sai na Faransa da Italiya, a 1892 kuma ya miƙa wa birnin duk abin da ya tara. Da yawa daga cikin masu zanen da ya tallafa wa sun kafa ƙungiya a 1870, suna ɗaukar ayyukansu gari-gari don mutanen lardi su gani. Kasuwar Alhamis ta Shinkafi, wadda ke tara mutane daga Nijar da kudancin Nijeriya, ta fitar da masu kuɗin da gina ɗaki biyu da sayen akwatunan gilashi ba zai girgiza su ba. Kuma ranar kasuwar kanta ita ce ranar da ya kamata a buɗe ƙofa.

Saura babbar hujja, wadda ta fi ta gumaka ƙarfi a yau. Mutum zai ce: ana kashe mu a gona, ana satar mu a hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi, ƙauyukan bakin dajin Sububu da na Rugu sun zama kufai, a 2021 har kasuwannin mako aka rufe aka katse layukan waya, kai kuma kana zancen tsohuwar tukunya? Gaskiya ne, rai yana gaba da komai. Amma lokacin tashin hankali shi ne lokacin da kayan tarihi suka fi salwanta. Wanda ya gudu da dare ba ya ɗaukar gafaka, gidan da aka cinna wa wuta kuma da littattafansa yake ƙonewa.

Ranar 22 ga Yuni, 1941, Jamus ta auka wa Tarayyar Sobiyet. Shugaban Hermitage na lokacin, Iosif Orbeli, ya riga ya shafe shekaru yana tanadin akwatuna da takardar naɗi da auduga a ɓoye, kowane akwati da lambarsa da jerin abin da zai shiga ciki. Ma'aikata da ɗalibai da masu sa-kai suka kwana suna naɗi. Ranar 1 ga Yuli jirgin ƙasa na farko ya tashi zuwa Sverdlovsk, bayan tsaunukan Ural. Na biyu ya bi shi ranar 20 ga watan. Jiragen biyu sun ɗauki kaya sama da miliyan ɗaya. Na uku bai samu fita ba, domin an datse hanya, birnin, wanda a lokacin ake kira Leningirad, ya shiga ƙawanyar da ta kai kwana 872. Abin da ya rage aka saukar da shi ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, inda ma'aikata da iyalansu suka fake, da yawansu kuma yunwa ta kashe su a wurin. A cikin wannan hali, a ƙarshen 1941, suka yi taron tunawa da mawaƙan Musulmi biyu, Nizami da Alisher Navoi, a ɗakin da tawada ke daskarewa don sanyi. A watan Oktoba na 1945 akwatunan suka dawo, aka bi jeri aka mayar da kowane abu gurbinsa. Abin da ya sa hakan ta yiwu an yi shi ne tun kafin a ji ƙarar bindiga ta farko, a kan tebur, da alƙalami.

Kada a ɗauka ina wanke Rasha ne. Gwamnatin Stalin ta sayar da manyan zane-zanen Hermitage a asirce a 1930 da 1931, guda 21 suka faɗa hannun attajirin Amurka Andrew Mellon, suna Washinton yanzu. Zinariyar tsohon birnin Troy da sojojin Sobiyet suka kwaso daga Balin a 1945 an ɓoye ta kusan shekara 50 ana musun tana Mosko. A 2022, da sojojin Rasha za su janye daga Kherson ta Yukiren, an kwashe dubban kaya daga gidajen tarihin garin. A 2006 Hermitage ta sanar cewa kaya 221 sun ɓace daga ma'ajiyarta, da hannun na ciki, kuma bin rajista ne ya tona asirin. Akwai kuma wanda ya shafe mu a matsayin Musulmi. A 1869, bayan Rasha ta ci Samarƙand, aka ɗauke wani tsohon Alƙur'ani mai rubutun Kufi daga masallacin Khoja Ahrar aka kai babban ɗakin karatu na Fitasbag. Mutanen can suna jingina shi ga Sayyidina Usman, ko da yake masana rubutu suna ganin bayan zamaninsa aka rubuta shi. Bayan juyin juya halin 1917 Musulmin Rasha suka nemi a ba su, aka ba su, ya zauna a Ufa, daga baya a farkon shekarun 1920 aka kai shi Tashkent, inda yake har yau. Sun iya karɓo shi ne domin sun san sunan masallacin da shekarar da aka ɗauka. Haka mutanen Binin: an san fadar, an san shekarar da aka kwashe kayanta, 1897, shi ya sa a 2022 Jamus ta sa hannu ta mayar wa Nijeriya mallakar kaya sama da 1,000. Mu da wane suna za mu kai ƙara a kan yumɓun da aka rubuta wa "Sakkwato"?

Saboda haka aikin da ke gabanmu ba ya jiran gwamna, ba ya jiran kwangila. Fadar Zurmi da ta Ƙaura da ta Shinkafi da ta Moriki, kowacce ta sa magatakarda ya buɗe littafi: kowane takobi, kowane tambari, kowace wasiƙa a ba ta lamba, a ɗauki hotonta da waya, a rubuta na wane ne da abin da tsofaffi suka ce a kanta tun suna da rai. Gidajen malamai su ɗauki hoton littattafan hannu shafi-shafi, a ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya, ɗaya a gida, ɗaya a Gidan Arewa a Kaduna ko a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, wadda take nan tun 1983, tana da gini da ɗalibai da masu gadi, ɗaki guda a cikinta ya isa a fara. Jami'ar Tarayya ta Gusau da sashen binciken kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello su tura ɗalibansu wurin 'yan gudun hijirar da ke zaune a garuruwan nan, su rubuta sunan kowane ƙauye da ya tashi, da kufai da ganuwa da tsohuwar rijiyar da ke cikinsa, kafin waɗanda suka sani su ƙare.

Kai kuma mai karatu, in garmarka ta tono wani abu a gona, ko ruwa ya zaizaye gaɓar gulbi ya fito da shi, kada ka fasa, kada ka sayar, kada ka ƙara tonawa. Ɗauki hotonsa a inda yake, ka rubuta sunan gonar da ranar, ka kai wa mai gari labari, shi kuma ya sanar da Hukumar Gidajen Tarihi. In dillali ya riga hukuma zuwa, ka gaya masa ba na sayarwa ba ne.